Marka Ta Cinye Gada

Mun tashi daga Funtua da asuba, ni da kawuna da kekensa. Na sa keken a cikin masu tafiya ne domin a wurin Kawu ya fi ni daraja. Shi aka fara nema wa wuri a mota, sannan ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba a cikinku, Kawu malamin daji ne. Aikinsa ya tsare namun da ke cikin gandun daji, ya kama duk wanda ya yi farauta ko ya ɗana tarko a ciki ba da izini ba. An ba shi kaki da hula da usur da wani ɗan littafin doka mai hotunan dabbobi, da kuma keken nan. Matsalar ita ce wata takwas ke nan yana aikin bai kama ko mai ɗanko ba. Babban malaminsu ya gaya masa in watan nan ya ƙare rahotonsa babu kome, za a karɓe kakin da keken a mayar da shi inda ya fito, wato bayin shuka a lambun dashen itatuwa. Kwana uku suka rage watan ya mutu sa'ad da wata takarda ta iso ofishinsu daga wani ƙauye, Tudun Kanya, can wajen Danja.

Kawu ya kawo ta gidanmu ya karanta mana da ƙarfi har sau uku. Bayan gaisuwa, ga abin da ta ce: "Muna kai kuka, marka ta cinye gada wadda ke bakin gandu, har da ƙafafunta shida ba ta bar ko ɗaya ba. Bara ma ta ci ɗaya muka yi haƙuri. A zo a gani da ido." Kawu ya ce wannan mata Marka ta shiga uku, gadar gandu har biyu. Innata ta ce ai mata ba sa farauta. Ya ce doka ba ta ce a bar mace ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne ƙafa shida. Na duba hoton gada a littafinsa na ƙirga, huɗu ne. Da na nuna masa da yatsa, sai ya ce mutanen ƙauye ba su iya lissafi ba, sun haɗa da ƙaho. Na rufe littafin. Ni dai kun san ni, ko a aji sai malama ta kira sunana sau biyu kafin in buɗe baki.

Dalilin da ya sa aka tafi da ni kuwa, wadda ake tuhuma mace ce, kuma Kawu ba zai shiga gidan matan aure ya yi bincike ba. Ana bukatar mace da za ta shiga ta duba ko akwai fata ko ƙashi. Ga shi muna hutu, ga rubutuna ya fi nasa kyau.

Motar da muka shiga babba ce mai bodin katako, irin wadda ke jigilar auduga da kaka. Sule ɗaya kuɗin mutum zuwa Bakori, ni aka ce sisi, keke kuma direba ya ce shi ma sule. Kawu ya yi gardama ya ce keken ma'aikaci ne, direba ya ce ma'aikata ma suna biya. Na zauna kan buhun gishiri kusa da wata Bayarbiya mai sayar da kwanonin sha, ta ɗaure su cikin zane suna ta ƙara duk ramin da muka faɗa. Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta dubi kakin Kawu da ya sha sitaci har ba ya lanƙwasuwa, ta tambaye shi ko ɗan doka ne. Ya ce shi ɗan dokar namun daji ne. Ta ce to ya taimaka ya kama gafiyar da ke ɗakin ajiyarta, ita ma dabba ce. Kowa ya yi dariya ban da Kawu, wanda ya buɗe littafinsa ya duba da gaske, ya ce gafiya ba ta ciki.

Hanya duk ta jiƙe. Dama da hagu dawa ta yi tsawo ta wuce kan mutum, auduga ta fara fure rawaya-rawaya, masara kuwa har an fara karya. Na lura kowane manomi da muka wuce yana da buhu ninke a kansa kamar hula, saboda ruwa ba ya sallama a wannan lokaci. A Bakori muka sauka. Kawu ya saya mini masara gasasshiya biyu kwabo da ƙosai na kwabo, shi kuma ya ce ma'aikaci ba ya ci a kan hanya cikin kaki. Bayan mun bar gari ya cinye mini masara ɗaya.

Daga nan sai keke. Ya ɗora ni a baya kan tsumma, ya ce in riƙe sirdi kada in riƙe kaki. Hanyar jar ƙasa ce, wani wuri tauri wani wuri taɓo. Inda ta yi taɓo sai mu sauka, ya ɗauki keken a kafaɗa, ni in bi shi da takalmana a hannu. Ina ganin rabin tafiyar keken ne ya hau Kawu. Da muka matso ƙasar Danja sai gonakin rake suka fara, da rumfunan da ake dafa mazarƙwaila, duk a rufe tun da ba lokacinta ba ne. Wata tsohuwa a bakin hanya ta sayar mana da ragowar ta bara, curi ɗaya ahu, wato kwabo da rabi, ta yi laushi saboda damshi. Duk wanda muka tambaya Tudun Kanya sai ya ce ga ta nan gaba kaɗan, sannan ya dubi takalman Kawu ya ƙara da cewa Allah ya sa mun iya ruwa.

Da hantsi muka iso bakin wani rafi. Ƙauyen yana tsallake, gandun daji kuma yana bayansa, baƙi ƙirin da itatuwa. Hanya ta zo har bakin ruwa ta tsaya, ta ci gaba a wancan gefen, tsakani babu kome. Kawu ya yi tsaki ya ce dubi mutane, ko abin ƙetarewa ba su iya yi wa kansu ba, sai rubuta takarda. Ya tuɓe takalma ya rataya a wuya, ya sa littafin doka cikin hula, ya ɗaga keken sama ya shiga. Ruwan ya kai masa ƙirji. Sitacin nan duk ya narke, ya fito kakin ya manne masa kamar an jiƙa takarda. Sannan ya dawo ya ɗauke ni a wuya.

Daga can sama, a tsakiyar rafin, na ga wasu kututturan giginya a cikin ruwa, a jere biyu-biyu, duk an karye su daga sama. Ni kuma ba na ganin abu a jere ban ƙirga ba. Biyu, huɗu, shida.

Shida. A bakin gandu. Ruwan nan da aka yi kwana da kwanaki ana yi ba ƙaƙƙautawa, wanda kowa ke kira marka. Gadar da aka cinye ba mai gudu ba ce, ta ƙetarewa ce, kuma mun bi ta kan gawarta. A baki kalmomin biyu ba sa ruɗa kowa, muryarsu daban ce, amma a takarda harufansu ɗaya. Wanda ya raba wasiƙu ya ga gada da gandu ya aika wa masu daji, Kawu kuma ya karanta abin da yake so ya gani.

Da muka fita na ce, "Kawu." Ya ce in bari tukuna, littafin doka ya jiƙe duk da hular. Ya shanya shi kan dutse shafi-shafi. Na sake cewa, "Kawu." Ya ce in fitsari ne in zaga bayan kalgo. Na dubi fuskarsa yadda take cike da murnar aikin da ya samu, na kasa. Na ce a raina, muna isa mai unguwa zai faɗi kalmar da bakinsa, shi ke nan magana ta ƙare ba da bakina ba.

Ban san Kawu yana da wata ƙa'ida da aka koya musu ba: ma'aikaci ba ya fara ambaton abin da aka ɓata, sai ya bari mai laifi ya ambata da kansa. Mai unguwa kuwa, wani dattijo mai fara'a, da ya ga kaki sai ya ɗauka mai gyaran hanya ne ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo fura da nono, maza suka cika wurin. Ni na laɓe a lungu bayan keken. Bayan doguwar gaisuwa mai unguwa ya tambaya ko shi aka aiko kan takardarsu, Kawu ya ce shi ne. Daga nan kowa ya kama "ita" da "ta", ba wanda ya kira sunan abin.

Kawu ya tambayi yaushe ta ci. Aka ce ranar Laraba da hantsi, gari duka na tsaye ana kallo. Ya ce ita kaɗai? Aka ce ita kaɗai mana, cikin ɗan lokaci ta gama da ita. Ya tambayi ko ta rage wani abu, aka ce ɗan guntayen ƙafa, ai ya gan su a hanya. Kawu ya ce bai gani ba, amma zai gani.

"Kuna tsaye kuna kallo, ba wanda ya hana ta?"

Mai unguwa ya yi dariya. "Malam, wa ya isa ya hana marka?"

"Ni na isa. A kira mini ita."

Mai unguwa ya dubi limamin da ke gefensa, liman ya dubi rufin. Can wani ya ce a hankali, Markar da za a iya kira a garin nan dai guda ce, tsohuwar nan mai daddawa, uwar maƙeri. Kawu ya ce ita fa. Mai unguwa bai gane haɗin ba, amma mutumin gwamnati ne, kuma yana son a yi musu aiki, sai ya ce a je. Kawu ya yafito ni, ya raɗa mini in duba bayan ɗaki da kan rufi da cikin tukwane, fata ko ƙashi ko ƙaho.

Gidan yana warin daddawa tun daga ƙofa. Na tarar da Marka zaune tana mulmula ta a faifai, 'yar ƙaramar tsohuwa mai haƙora biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba su ma daidaita ba. Ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan mai takalmi a hannu?" Na durƙusa na gaishe ta, na ce ana kiranta a zauren mai unguwa. Ta ce su jira ta gama faifan nan. Ban buɗe tukunyar kowa ba, tun da na san ba abin da zan samu. Na zauna ina kallon gida kawai.

Abin da na gani shi ne waya. Ko'ina waya, siririya, irin ta birkin keke. Da ita aka rataye ludayi, da ita aka ɗinke fasasshiyar ƙwarya, da ita aka ɗaure ƙyauren garken awaki, ga kuma wani babban dami a rataye ƙarƙashin rumbu. Kowace tana da zarge a baki, daidai da hoton tarkon da ke shafin ƙarshe na littafin Kawu. Da yake mu biyu ne sai bakina ya buɗe, na tambaye ta inda take samu. Ta ce a bakin gandu, in ta je tsintar ɗorawa ko ganyen miya. Mutanen tsallaken rafi ne ke zuwa su ɗana wa gada da zomo. Tun ranar da ɗaya ta karya wa akuyarta ƙafa, shekara uku ke nan, ta yi rantsuwa duk wadda ta gani sai ta cire. Ta ce masu ɗanawa sun ɗauka aljanu ne, har sun daina bi ta wajen wata tsamiya da ke can.

Muka taho zaure, tana gaba da sandarta. Kawu ya gyara zama, ya ba ni takarda da fensir ya ce in rubuta duk abin da ta faɗa. Ya gaishe ta da ladabi, sannan ya ce, "Iya, ranar Laraba da hantsi me kika ci?"

"Ɗumamen tuwo. Kai me ka ci?"

Ya ce ta tuna da kyau, abu mai ƙafafu. Ta buɗe baki ta nuna masa haƙoran nan biyu, ta ce in ya ga abu mai ƙafa da waɗannan za su iya, ya kawo ta gwada. Wasu suka fara murmushi. Kawu ya haɗe fuska ya miƙe tsaye, ya buɗe littafin doka mai laima, ya ce gari duka ya shaida ta ci bana ta ci bara, don haka za ta bi shi Funtua. Murmushin ya ɗauke. Ɗanta maƙeri, wani ƙato mai baƙin hannu, ya taso daga bakin ƙofa yana tambaya wa zai bi wa. Mai unguwa ya ɗaga hannu yana cewa a yi haƙuri, shi kansa bai san haƙurin me ba.

Na ajiye fensirin. Na ce, "Kawu." Wannan karon duk zauren ya ji, har ni na tsorata. Na sunkuyar da kai na ce, "Gadar ta ƙetarewa ce. Wadda muka shiga ruwa saboda babu ita. Ƙafafunta shida na nan cikin rafi, na ƙirga. Markar kuma ta sama ce."

Liman ne ya fara. Ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Sai mai unguwa, sai maƙeri, sai matan da ke leƙe ta katanga. Marka ta tambayi me aka ce, aka maimaita mata a kunne, ta ce, "Au, ni na cinye gadar giginya? To Allah ya sa ta narke." Dariyar ta sake tashi. Kawu ya zaro takardar ƙauyen ya karanta ta a hankali, yana motsa baki, da ɗayar muryar. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ba tsohuwa haƙuri, ya ba mai unguwa. Sannan ya gaya musu gaskiya, cewa shi ba mai gyaran hanya ba ne, kuma jibi war haka ba shi da kaki ba shi da keke. Ya faɗa yana shafa sirdin keken. Dariya ta tsaya, don kowa ya ga ba wasa ba ne.

Tun da na riga na yi magana sau ɗaya ban mutu ba, sai na sake. Na ce akwai abin da ya kamata ya gani ƙarƙashin rumbun Iya. Maƙeri ya je ya ɗauko damin ya zube a gaban tabarma. Kawu ya ɗauki waya ɗaya ya zura hannu cikin zargen ya ja, ta shaƙe masa wuyan hannu. Ya daɗe yana kallon tsohuwar. Ya ce wata takwas yana zagaya ganduna a kan keke bai ga ko ɗaya ba. Ta ce ai daga kan keke ba a ganinsu, sai an duƙa.

Bayan azahar ta kai mu bakin gandun. Ta nuna masa 'yar siririyar hanyar da namun ke bi zuwa ruwa, da kashinsu ƙanana kamar na akuya, da yadda ake lanƙwasa reshe a ɓoye wayar cikin ciyawa. Kawu ya duƙa da kakinsa a cikin laka, ya cire huɗu da hannunsa, waɗanda aka ɗana kafin ruwa ya raba gari da tsallake. Muna wurin wani abu toka-toka ya zabura daga cikin sabara, ya yi tsalle biyu ya ɓace. Marka ta ce ga gadarka nan, ƙirga ƙafafun. Ban samu na ƙirga ba, ta yi sauri. A hanyar dawowa ta roƙi Kawu kada ya kai takardar wurin masu hanya, don tun da gada ta tafi ba wanda ya ƙetaro ya ɗana sabo. Mai unguwa kuma ya roƙe shi ya kai ta gobe-gobe, don audugarsu ba za ta yi iyo ba. Ya yi wa mai unguwa alkawari, ya ce wa tsohuwa in an gyara shi zai riƙa zuwa duk mako.

Matasan gari suka ƙetarar da mu, keken a kan mutum biyu kamar mara lafiya. Marka ta ba ni daddawa ƙulli uku, wadda ta sa a motar dawowa aka bar mini benci guda ni kaɗai. Mun shigo Funtua ana kiran magariba.

Washegari na rubuta rahoton, Kawu yana faɗa ina rubutawa. Na ɗauka zai ɓoye maganar gada, amma ya ce in sa duka, har da cewa damin wata tsohuwa ce ta tara, nasa huɗu ne kawai. Ya kai shi ofis da buhun waya a bayan keke. Ya dawo da azahar a kan keken, kuma da ganin haka muka san labari. Ya ce babban malami ya yi dariya har ya ƙware, ya ce da ana ba mata kaki da Marka zai ba. Ya bar masa aikin, da sharaɗin ya riƙa sauka daga keke yana duƙawa. Takardar ƙauyen kuma an miƙa ta inda ya kamata ta je tun farko.

Abin da na koyo a tafiyar nan, in takarda ta zo da abin da bai yi daidai ba, kamar ƙafa shida, a sake karanta ta da wata murya kafin a shiga ruwa. Na biyu kuma nawa ne ni kaɗai: maganar da na kasa faɗa wa mutum ɗaya a bakin rafi, sai da na faɗe ta a gaban zaure guda. Ta bakin rafin ta fi sauƙi.

Ina cikin rubuta wannan hadari ya haɗo. Kawu yana tsakar gidanmu yana shan fura, ya ajiye kwanon ya fita da gudu. Inna ta tambaye shi ina zuwa. Ya ce zai shigo da kekensa, ga Marka nan tafe.